Ram Biyu a Layin Otigba

Na sauka daga danfo a ƙarƙashin gadar Ikeja,
gumi ya manne min riga a baya kamar bashi.
Wata bakwai ina tara kuɗin nan
daga ɗaukar bidiyon biki a Agege,
yau ga su cikin safa, suna cizon idon sawuna.

Uwar allo tana gida, cikin kwalinta, ƙarƙashin gado.
Furosesa ta iso tun azumi.
Saura ram.
Sunan ma dariya yake ba ni:
abin da zai kama tunanin na'ura ram,
ya sake shi kafin ƙiftawar ido.

Layin Otigba ba ya barin mutum ya ji zuciyarsa.
Wannan ya ja hannuna, wancan ya kira ni Alhaji,
janareta goma suna musu da juna.
Na kutsa shagon Nkemdilim,
wadda ta yi shekara shida a Sabon Garin Kano,
Hausarta ta fi ta yaran layinmu gishiri.

Ta zube min su a kan gilashi.
Ga masu fitilu, ja na korar kore, kore na korar shuɗi.
Ga tokumbo, tsirara, ba rigar ƙarfe,
wa ya san ofishin da ya mutu ya bar su marayu?
Ga wasu baƙaƙe, shiru, masu nauyi a tafin hannu.

Ta ce, me za ka yi da ita?
Na ce, yau dai aiki, yanka hoto da ɗinke shi.
Amma wata rana, in hannuna ya faɗa,
zan shiga cikinta da tsakar dare,
in ƙara mata wuta kaɗan-kaɗan,
in tura ta gaba da gudun da aka rubuta a kwali,
in ga inda numfashinta yake ƙarewa.

Sai ta janye masu fitilun gefe.
Ta ce, to kada lambar gudu ta ruɗe ka,
duba jinkirinta tsakanin kira da amsawa.
Dubu uku da ɗari shida, jinkiri sha shida.
Ɗauki tagwaye daga kwali ɗaya.
In ka haɗa 'yar wani gida da ta wani,
lafiya lau za su zauna
sai ranar da ka matsa musu,
ranar allo zai yi shuɗi ya bar ka da salati.

Na tuna Baba Ɗanlaso a mayankar Oko-Oba,
yadda yake wuce sa mai dogon ƙaho
ya dafa ƙirjin wani marar kyan gani,
ya saurara.
Ƙaho na mai kallo ne, in ji shi,
ƙirji na mai tafiya.

Na auna tsayinsu da ɗan yatsa,
kada su tokare fankar da zan ɗora.
Na nemi lambarsu a waya
cikin jerin waɗanda uwar allo ta yarda da su.
Giga sha shida sau biyu.
Rami huɗu gare ta, biyu zan cike,
biyun su sha iska,
zafin Ikko ba ya son cunkoso,
mu da ke kwana shida a ɗaki mun sani.

Mun yi ciniki har ta rantse da Hausa.
Kuɗin mota kaɗai ya rage a safar.

Da dare na danna ta farko, ƙas.
Na danna ta biyu, ƙas.
Na miƙa yatsa zan kunna,
aka ɗauke wuta.

Na zauna a duhu, akwatin a gabana,
ina jin ruwan sama na fara taka kwano.
Ba komai.
Dama don gobe na saye su.